Zama Ɗan Ƙasa ta Hanyar Nema: Sharuɗɗa da Ganawar Tantancewa a Nijeriya

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, baƙo ba ya shiga gari kai-tsaye ya kafa gida. Yakan fara da samun mai masauki, shi kuma mai masauki ya gabatar da shi ga mai unguwa, mai unguwa ya kai maganar gaban dagaci. Daga nan sai a zuba masa ido a ga kamun ludayinsa. In an gamsu da halinsa, sai a ba shi fili da gona, wata rana ma har a ba shi aure. Da tafiya ta yi tafiya, sai a daina ce masa baƙo. Wannan babi zai yi bayani a kan yadda dokar Nijeriya ta tsara irin wannan karɓar baƙo a hukumance, wato hanyar da mutumin wata ƙasa yake bi ya zama ɗan Nijeriya. Za a duba sharuɗɗan da aka gindaya, da matakan da ake bi, da kuma ganawar da ake yi da mai nema don a tantance shi. An ɗauki garin Basirka da ke ƙaramar hukumar Gwaram a kudancin Jihar Jigawa a matsayin wurin kafa misali.

Asalin Matsalar

Kafin zuwan Turawa, fatake da makiyaya da almajirai suna kai da kawowa tsakanin ƙasar Kano da Damagaram ba tare da wata takarda ba. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su ne suka shata iyakar da ta raba Nijeriya da Nijar a yau. Iyakar ta ratsa tsakiyar jama'a masu harshe ɗaya da addini ɗaya da dangantakar aure. Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da iyaka da Nijar ta wajen Maigatari. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da mutumin Nijar ya gangaro kudu har yankin Birnin Kudu da Gwaram yana sana'arsa, yana magana da Hausa kamar kowa, yana sallah a sahu ɗaya da 'yan gari.

A nan ne ruɗani yake shigowa. Jama'a da yawa suna ɗauka cewa daɗewa a gari da iya harshe sun isa su mai da mutum ɗan ƙasa. A wajen al'ada haka ne, amma a wajen doka ba haka ba ne. Mutum zai iya shekara 40 a Basirka, ya yi 'ya'ya da jikoki, amma yana nan a matsayin baƙo a idon hukuma matuƙar bai nemi takardar shaidar zama ɗan ƙasa an ba shi ba.

Hanyoyin Zama Ɗan Nijeriya

Babi na uku na Kundin Tsarin Mulkin 1999, daga sashe na 25 zuwa na 32, shi ne ya yi magana a kan wannan batu. Ya kawo hanyoyi uku kamar haka:

1. Ta haihuwa (sashe na 25). Wanda aka haifa a Nijeriya bayan ranar 1 ga Oktoba, 1960, ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Nijeriya ne. Haka ma wanda aka haifa a waje, idan uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne. Haihuwa a cikin Nijeriya ita kaɗai ba ta wadatar ba.

2. Ta rajista (sashe na 26). Wannan hanya ta shafi matar wata ƙasa da ta auri ɗan Nijeriya, da kuma baligin da aka haifa a waje wanda ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Nijeriya ne. Ba ta shafi mijin da ya auri 'yar Nijeriya ba. A watan Maris na 2022 an gabatar wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa ƙudurin gyara wannan sashe don ya haɗa da maza, amma bai samu ƙuri'un da ake bukata ba.

3. Ta hanyar nema (sashe na 27). Wannan ita ce hanyar baƙon da ba shi da jini a ƙasar, kuma ita ce abin nazari a nan.

Sharuɗɗan Nema

Sashe na 27 ya ce mai nema zai miƙa buƙatarsa ga Shugaban Ƙasa, kuma ba za a ba shi takarda ba sai ya cika sharuɗɗa bakwai. Na farko, ya zama baligi mai cikakken hankali. Na biyu, ya zama mai kyakkyawan hali. Na uku, ya nuna a fili cewa niyyarsa ita ce ya zauna a Nijeriya dindindin. Na huɗu, gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi, kuma ya saje da tsarin rayuwarsu. Na biyar, ya zama ya ba da gudummawa ga ci gaban ƙasa, ko kuma yana da halin bayarwa. Na shida, ya yi rantsuwar biyayya da ke cikin jadawali na bakwai na kundin. Na bakwai, ya cika wa'adin zama.

Wa'adin zaman iri biyu ne. Ko dai ya zauna shekara 15 a jere kafin ranar da ya nema, ko kuma ya zauna wata 12 a jere, sannan a cikin shekara 20 da suka gabaci watannin nan, jimillar zamansa ta kai shekara 15. Misali zai ƙara fito da wannan. A ɗauka wani ɗan kasuwar hatsi ya taso daga Damagaram ya zauna a Basirka da iyalinsa tun 2008 bai koma ba. Wannan ya cika wa'adi a 2023. A ɗauka kuma wani ɗan cin rani ne da yake zuwa bayan kaka, ya yi wata huɗu ya koma gida damina, har tsawon shekara 20. Idan aka lissafa, zamansa wata 80 ne, wato shekara shida da wata takwas, alhali ana bukatar wata 180. Ke nan duk da kowa ya san shi a gari, bai kai ko rabin wa'adin ba.

Matakan da Ake Bi

Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Tarayya da ke Abuja ita ke karɓar buƙatun, ta hannun sashenta mai kula da zama ɗan ƙasa da harkokin kasuwanci, kuma ana cike fom ɗin ta intanet. Daga cikin takardun da ake nema akwai fasfo na ƙasar mai nema, da takardar haihuwa, da takardar izinin zama, da shaidar biyan haraji, da shaidar hanyar samun abinci, da kuma bayanan 'yan Nijeriya da suka yarda su tsaya masa.

Takardar izinin zama ita ce ta fi ba mutanen karkara wahala. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90. Wanda zai wuce haka sai ya nemi izinin zama daga Hukumar Shige da Fice, wadda ke da ofishin jiha a Dutse. Da yawa ba sa nema, don ba wanda ya taɓa tambayarsu. Ranar da suka tashi neman zama 'yan ƙasa, sai su rasa abin da za su nuna a matsayin hujjar shekarun da suka yi. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu, 2025, ta ƙara nuna muhimmancin mallakar takarda ga mutanen waɗannan ƙasashe.

Bayan an karɓi takardu, sai a shiga bincike. Hukumar Shige da Fice da Hukumar Tsaro ta Farin Kaya suna tantance mai nema, ana kuma neman ra'ayin gwamnan jiharsa. Daga nan sai kwamitin ba da shawara a kan zama ɗan Nijeriya ya duba rahotannin, ya ware waɗanda suka cancanta. Ministan Harkokin Cikin Gida ya gabatar da sunayensu ga Majalisar Zartarwa ta Tarayya. Idan an amince, sai a yi musu rantsuwa a ba su takarda. A watan Satumba na 2022, alal misali, Shugaba Muhammadu Buhari ya ba mutum 286 takardun zama 'yan Nijeriya, 208 ta hanyar nema, 78 kuma ta rajista.

Ganawar Tantancewa

A wasu ƙasashe ganawa da mai nema tana ɗauke da jarrabawa. A Amurka, inda wa'adin zama yake shekara biyar ga akasarin masu nema, jami'i yakan gwada Ingilishin mutum, ya kuma yi masa tambayoyi a kan tarihi da tsarin gwamnati. A Birtaniya ma tun 2005 ake rubuta jarrabawa a kan rayuwa a ƙasar. Tsarin mulkin Nijeriya bai tanadi irin wannan jarrabawa ba. Abin da ya sa a gaba shi ne hali da karɓuwa a wajen jama'a.

Don haka manufar zama da mai nema ita ce a gwada abin da ya rubuta da abin da ya faɗa da baki, sannan a gwada duka biyun da abin da bincike ya gano. Sharuɗɗan sashe na 27 su ne ma'aunin. Yaushe ya shigo ƙasar, kuma ta wace iyaka? Wace sana'a yake yi, kuma yana biyan haraji? Ina iyalinsa da dukiyarsa suke? Ya taɓa shiga hannun hukuma? Su wane ne suka tsaya masa, kuma tun yaushe suka san shi? Wanda ya rubuta cewa ya shigo a 2008, amma ya faɗi wata shekara dabam da baki, ya jefa shakku a kan sauran bayanansa. Wanda ya ɓoye wani laifi da ya taɓa yi ya rushe sharaɗin kyakkyawan hali da hannunsa. Babu wani shiri da ya fi faɗin gaskiya da adana takardu.

Sharaɗi na huɗu shi ne ya fi kusa da al'adar da aka ambata a farko. Gwamnan da ke zaune a Dutse ba zai san halin wani ɗan kasuwa a Basirka da kansa ba. Waɗanda suka san shi su ne maƙwabtansa, da abokan cinikinsa, da limamin unguwarsu, da masu sarautar garin da ke ƙarƙashin masarautar Dutse. Hausawa sun ce hali zanen dutse ne. Amsar da za a bayar game da mai nema an riga an rubuta ta a cikin shekarun da ya yi yana cuɗanya da jama'a, a wajen biyan bashi, da riƙon amana, da halartar suna da jana'iza, da aikin gayya. Ganawar ofis ta ɗan lokaci ce, kuma ba za ta iya gyara abin da shekara 15 suka ɓata ba.

Matsayin Wanda Aka Ba Takarda

Wanda ya samu takarda ya zama ɗan ƙasa, yana da ikon yin zaɓe da riƙe fasfon Nijeriya. Sai dai akwai iyakoki. Sashe na 131 da na 177 sun keɓe muƙamin Shugaban Ƙasa da na gwamna ga 'yan ƙasa ta haihuwa. Sashe na 307 ya hana shi riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi sai bayan shekara goma. Sashe na 30 ya ba Shugaban Ƙasa ikon ƙwace takardar idan an yanke masa ɗaurin shekara uku ko fiye a cikin shekara bakwai na farko, ko kuma idan ya ci amanar ƙasa. Dangane da ƙasarsa ta asali kuwa, sashe na 28 bai tilasta masa barin ƙasar da ya samu ta haihuwa ba. Wadda ya samu ta wata hanya ita ce dole ya saki.

Darasi ga Malamin Makaranta

A watan Janairu na 1980 gwamnatin tarayya ta kori Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, zuwa Chadi, bisa zargin cewa mahaifinsa mutumin can ne. Babbar kotun Maiduguri ta soke umarnin, domin an tabbatar mahaifiyarsa 'yar Nijeriya ce. Wannan shari'a ta nuna cewa jinin uwa ya isa ya mai da mutum ɗan ƙasa.

Malami zai haɗu da irin wannan a ajinsa. Yaron da ubansa ɗan Nijar ne, uwarsa kuma 'yar Gwaram ce, cikakken ɗan Nijeriya ne ta haihuwa, ba ya bukatar nema ko ganawa. Uban ne kaɗai zai bi sashe na 27. Bai dace a rubuta yaron a matsayin baƙo a rajistar makaranta ba, ko a bar 'yan ajinsu suna yi masa gori. Haka kuma ya kamata malami ya san bambancin takardun da iyaye kan kawo. Lambar NIN ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce, don ana ba baƙin da ke zaune bisa doka. Takardar asalin ƙaramar hukuma kuwa tana nuna inda kakannin mutum suka fito ne a cikin ƙasar.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa baƙo yana zama ɗan Nijeriya ne idan abubuwa biyu suka haɗu, wato shaidar jama'ar da yake zaune da su da kuma takardun hukuma. Wanda yake da shaidar jama'a ba takarda, zai kasa tabbatar da shekarunsa. Wanda yake da takarda ba shaidar jama'a, zai faɗi a sharaɗi na huɗu. Tun da a ƙauye malami ake kai wa takarda ya karanta, sanin waɗannan ƙa'idoji zai ba shi damar ba da shawara ta gaskiya.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Kawo hanyoyi uku na zama ɗan Nijeriya, tare da sashen da ya yi magana a kan kowace.
2. Wani ya riƙa zuwa Basirka yana yin wata tara kowace shekara har shekara 20, sannan ya zauna wata 12 a jere. Lissafa ka gani ko ya cika wa'adi.
3. Kwatanta yadda Bahaushe yake karɓar baƙo da sharaɗi na huɗu na sashe na 27.
4. Wane darasi malami zai ɗauka daga shari'ar Shugaba Darman?