Man Fetur da Yaƙe-yaƙen Zamani: Ashana ne ko Makamashi?

Gabatarwa

Tun daga tsakiyar ƙarni na 20, da wuya yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa mai arzikin man fetur ba a ji jama'a suna cewa don mai ake yin sa ba. Haka aka faɗa game da yaƙin basasar Nijeriya, haka kuma aka faɗa game da yaƙe-yaƙen Iraƙi da na Sudan. Maganar ta zama ruwan dare, ana jin ta a bakin manomi a Beli ta ƙasar Rogo kamar yadda ake jin ta a bakin ɗalibin jami'a. Manufar wannan lacca ita ce a ɗora maganar bisa sikeli, a ga inda ta yi nauyi da inda ta gaza. Za a fi mai da hankali ga yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, domin shi ne wanda ya shafi kowane lungu na ƙasar Hausa, sa'an nan a waiwayi wasu ƙasashe don gwadawa. Daga ƙarshe za a duba abin da ya haɗa manomin yammacin Kano, wanda ba a taɓa haƙo ko ɗigon mai a gonarsa ba, da wannan muhawara.

Ra'ayoyi Biyu

Masana sun kasu gida biyu a kan wannan al'amari. Kashi na farko suna ganin kwaɗayi ne tushen yaƙi. Hujjarsu ita ce, mai dukiya ce mai ɗimbin yawa wadda take tattare a ɗan ƙaramin wuri, ga shi kuma manyan ƙasashe ba su iya kwana ɗaya ba tare da ita ba. Sukan kafa hujja da abin da ya auku a Iran, inda Firayim Minista Muhammad Musaddiƙ ya mayar da kamfanin man Ingilishi hannun ƙasarsa a 1951, amma kafin ƙarshen 1953 Ingila da Amurka suka haɗa baki aka hamɓarar da shi.

Kashi na biyu kuwa suna ganin ƙorafi ne tushen, watau zalunci, da tsoron danniya, da rikicin iyaka ko na ƙabila ko na addini. Su kuma sukan nuna cewa an yi mummunan yaƙi a Laberiya da Ruwanda da Somaliya ba don rijiyar mai ba, alhali ga Norway tana haƙar mai tun cikin shekarun 1970 ba ta yi yaƙi da kowa a kansa ba. Kowane kashi yana da abin kamawa. Abin da ya rage shi ne a gwada su bisa tarihin da aka sani.

Yaƙin Basasar Nijeriya

A 1956 ne kamfanin Shell-BP ya sami mai a Oloibiri, aka kuma fara fitar da shi waje a 1958. Zuwa 1966 abin da ake haƙowa ya haura ganga 400,000 a kowace rana, kuma kimanin kashi biyu cikin uku daga Jihar Gabas yake fitowa. Bisa tsarin rabon kuɗi na Hukumar Raisman ta 1958, jihar da aka haƙo ma'adini a cikinta ita ce mai rabin kuɗin hayar ƙasa da ladan haƙa.

Masu ra'ayin kwaɗayi suna da hujjoji masu ƙarfi a nan. Ranar 27 ga watan Mayu 1967, Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, ciki har da Jihar Kano. Rabon ya yanke Jihar Ribas da ta Kudu-maso-Gabas daga tsohuwar Jihar Gabas, watau ya fitar da yawancin rijiyoyin mai da tashar Fatakwal daga ƙarƙashin Enugu. Bayan kwana uku kacal Odumegwu Ojukwu ya yi shelar kafa Biyafara. Nan da nan ya bukaci Shell-BP ya biya kuɗin haƙar mai gare shi, Gwamnatin Tarayya kuma ta hana jiragen dakon mai shiga ruwan Gabas. An fara ɓarin wuta ranar 6 ga watan Yuli, kuma kafin watan ya ƙare dakarun Benjamin Adekunle sun kama Bonny, inda ake loda wa jirage ɗanyen mai. Ingila, wadda take da babban hannu cikin Shell-BP, ta ba Gwamnatin Tarayya makamai. Faransa kuwa, wadda kamfaninta na SAFRAP yake da filayen haƙa a yankin, ta riƙa taimakon Biyafara ta hannun Gabon da Kwaddebuwa.

Amma masu ra'ayin ƙorafi suna da abin cewa. Jinin da ya buɗe ƙofar yaƙin ya zuba tun kafin a yi jayayya kan kuɗin mai. A juyin mulkin 15 ga watan Janairu 1966 aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu manyan hafsoshin Arewa. A watan Mayu Janar Ironsi ya kafa Doka ta 34 wadda ta soke tsarin jihohi, abin da ya tsorata ma'aikatan Arewa ƙwarai. Aka yi juyin mulkin ramuwa ranar 29 ga watan Yuli, sa'an nan aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, har da Kano, sauran suka gudu gida. Mutumin da ya tsere da ransa daga Sabon Gari ba lissafin gangar mai ya sa shi goyon bayan ɓallewa ba, tsoro ne.

Akwai wasu abubuwa uku da suke ƙara wa wannan ra'ayi nauyi. Na farko, kalmar da ta cika bakin 'yan Arewa a 1966 ita ce araba, kuma hafsoshin da suka yi juyin Yuli, irin su Murtala Muhammed, da niyyar ɓalle Arewa suka fara. Wanda mai ya rufe wa ido ba zai nemi ya raba gari da rijiyar ba. Na biyu, mutanen da man yake ƙarƙashin ƙasarsu ba su haɗa kai da Biyafara baki ɗaya ba. Isaac Adaka Boro, wanda ya yi tawayen kwana 12 a yankin Neja Delta a Fabrairun 1966, a ɓangaren sojan Tarayya ya yi yaƙi har ya rasu a 1968. Na uku, Fatakwal ta faɗa hannun sojan Tarayya a watan Mayu 1968, Biyafara ta rasa yawancin rijiyoyinta, amma ba ta ajiye makami ba sai Janairun 1970, bayan asarar rayuka kimanin miliyan ɗaya ko fiye, galibinsu saboda yunwa.

Idan aka haɗa waɗannan hujjoji duka, abin da yake fitowa fili shi ne, tsoro da rashin amana su suka ƙyasta ashanar, man fetur kuwa shi ne makamashin da wutar ta tarar a jibge. Shi ya ba shugabannin Gabas ƙarfin zuciyar cewa sabuwar ƙasa za ta iya riƙe kanta. Shi ne kuma ya sa barin su su tafi ya zama asarar da Legas ba za ta iya haɗiyewa ba, har ila yau shi ya jawo hannun baƙi cikin rikicin gida.

Gwaji a Wasu Ƙasashe

Tarihin Sudan ya yi daidai da wannan awo. Faɗa tsakanin Arewa da Kudu ya soma tun 1955, aka sasanta a Addis Ababa a 1972, duk kafin kamfanin Chevron ya gano mai a Kudu wajen ƙarshen shekarun 1970. Da man ya bayyana, sai gwamnatin Ja'afar Numairi ta nemi taɓa iyakar jihohi, ta kuma ƙi gina matata a Kudu, yaƙi ya dawo a 1983 bai tsaya ba sai 2005. Bayan Sudan ta Kudu ta sami 'yancin kai a 2011, ƙasashen biyu sun gwabza a kan filin mai na Heglig a 2012, sa'an nan a 2013 shugabannin sabuwar ƙasar suka juya wa juna bindiga.

A yankin Gabas ta Tsakiya, yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988 ya samo asali ne daga rikicin iyakar Shaɗɗul Arab da fargabar da juyin juya halin Iran na 1979 ya jefa wa Saddam Husaini, amma kuɗin mai ne ya sayi makaman da suka ja shi shekara takwas. Mamayar Kuwaiti ta 2 ga watan Agusta 1990 ita ce ta fi kusa da yaƙin mai tsantsa, domin Iraƙi ta zargi maƙwabciyarta da karya farashi da kuma zuƙar mai daga filin Rumaila. Duk da haka, bashin da yaƙin baya ya bar mata da tsohuwar da'awarta cewa Kuwaiti yankinta ce suna cikin lissafin.

Akwai kuma inda makamashin ya taru amma aka hana wutar cin gari. Nijeriya da Kamaru sun yi shekaru suna tayar da jijiyar wuya kan tsibirin Bakassi mai albarkar mai, har sojojinsu suka yi arangama. Kotun Duniya ta ba Kamaru gaskiya a 2002, aka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, Nijeriya ta kammala miƙa yankin a 2008. Wannan ya nuna cewa shugabanni suna da zaɓi, ko da rijiya tana tsakani.

Daga Gyaɗa zuwa Mai

Babbar illar mai ga zaman lafiya tana cikin yadda yake sauya dangantakar hukuma da talakawanta, kuma ƙasar Ƙaraye da Rogo kyakkyawan wurin ganin haka ce. Tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a farkon shekarun 1910, gyaɗa ta zama ƙashin bayan arzikin Arewa. Manomin Beli yakan noma ta, ya kai ta sikeli, a ɗaure ta cikin buhuna har ta hau dala a Kano. Hukumar cinikin amfanin gona tana yanka masa farashi ƙasa da na kasuwar duniya ta riƙe rarar, ga kuma haraji da jangali da mai unguwa da dagaci da hakimi suke tarawa su kai baitulmalin En'e. Tsarin yana da nasa zalunci, jam'iyyar NEPU ma a kan yaƙi da shi ta yi suna. Amma yana ɗauke da wani sharaɗi: idan manomi ya talauce ko ya yi hijira, baitulmali ma ya talauce. Dukiyar da ta bazu cikin dubban gonaki ba ta ƙwatuwa da bataliyar soja, sai da yardar masu noma ta, ko da yardar ta dole ce.

Shekarun da suka biyo bayan yaƙi sun rushe wannan sharaɗi. Dokar man fetur ta 1969 ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk man da yake ƙasar. Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971. Tsakanin 1973 da 1974 farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12, mai ya zama fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin da ƙasar take samu daga waje. A daidai lokacin fari na 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya manomi, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma suna da dalilin yin ta. Sai dai tun daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kason da yake zuwa daga asusun tarayya shi ne abin dogaron hukumomi irin na Ƙaraye da Rogo, ba abin da manomi ya biya ba.

Hukumar da ba ta bukatar aljihun talaka ba ta cika sauraren bakinsa ba, abin da take bukata shi ne rijiya da bututu da sojan da zai tsare su. Sa'an nan tun da dukiya ta taru a hannu ɗaya, kujerar tsakiya ta zama abin da ake kashe rai a kai, ba kuwa abin mamaki ba ne da aka yi juyin mulki a 1975 da 1983 da 1985 da 1993. Masu rijiyar ma ba su tsira ba. Kason da ake mayar wa jihar da aka haƙo man ya faɗo daga rabi zuwa kashi ɗaya da rabi cikin 100 a 1982, kafin tsarin mulkin 1999 ya ɗaga shi zuwa kashi 13. A tsakanin nan aka rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan uwansa takwas na Ogoni a Nuwamban 1995, matasan Neja Delta suka ɗauki makami, har sai da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi musu afuwa a 2009. A nan ƙorafi da kwaɗayi sun cuɗe har ba a iya rarrabe su.

Kammalawa

Muhawarar ta daina zama ta mutanen bakin teku kaɗai. Jamhuriyar Nijar ta buɗe matatar mai kusa da Damagaram a 2011, a Nuwamban 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauci da Gombe. Abin da tarihin da aka zayyana ya koyar shi ne, hatsarin rijiya yana daidai da yawan ƙorafin da ta tarar a ƙasa. Saboda haka aikin rigakafi yana wuyan ma'aikacin da yake shata iyaka, da mai biyan diyyar gona, da mai tsara rabon kuɗi, da mai bayyana wa jama'a abin da ya shigo da inda ya tafi. Ɗalibi kuwa, duk lokacin da ya ji an ce yaƙi kaza don mai ake yin sa, ya kamata ya bincika abin da mutanen wurin suke kuka da shi kafin a haƙa rijiyar, da wanda yake karɓar kuɗinta, da kuma ko mai karɓar yana da wata bukata ga manomi irin na Beli.