Lasisi Mai Wa'adi: Yadda Ake Mayar da Masu Gwajin Ji da Gyaran Magana Aji

Ɗakin gwajin ji ƙarami ne, bai fi ɗakin ajiyar kaya ba, kuma an lulluɓe bangonsa da abin da ke shanye sauti, har wanda ya shiga yakan ji numfashinsa kamar na wani. Yaro ɗan shekara uku ba a dogara da bakinsa in ya ce ya ji ko bai ji ba, don haka sai a mayar da gwajin wasa. A sa masa abin sauraro a kunne, a danƙa masa ɗan katako, a ce da zarar ya ji ƙara ya jefa shi cikin bokiti. Ma'aikaciyar tana bayan gilashi, tana rage ƙarar kaɗan-kaɗan, tana lura da inda hannun yaron ya daina motsi. Da abin da ta rubuta za a yanke shawarar ko a sa masa na'urar ƙara ji, ko a yi masa aiki, ko a ce wa uwarsa ta kwantar da hankalinta.

A Amurka, wannan mata ba ta isa ta zauna bayan gilashin nan ba sai da lasisin jiharta, kuma lasisin yana da ranar mutuwa. Jihar Fulorida ce ta fara ba masu wannan sana'a lasisi a 1969, sauran suka biyo baya, kowace da nata sharaɗi. Tekzas tana neman awa 20 na ƙarin karatu duk shekara biyu, biyu daga ciki a kan ladubban aiki. Kalifoniya awa 24 take nema daga masu gyaran magana. Fulorida ta ce 30, a ciki har da darasi a kan kauce wa kurakuran asibiti. Niyok ma 30 ɗin ce, amma a shekara uku. Bayan lasisin jiha akwai takardar ƙwarewa ta ASHA, babbar ƙungiyar sana'ar wadda asalinta ya koma 1925, ita ma tana neman awa 30 duk shekara uku, kuma tun 2020 dole awa ɗaya ta kasance a kan ladubba. Galibi kwas ɗaya yakan biya wa mutum buƙata biyu, amma ranakun wa'adin ba sa haɗuwa. Wanda ke aiki a jihohi biyu, ko yake duba marasa lafiya ta intanet daga nesa, sai ya zama rabin akawu. Wannan wahala ce ta sa jihohi da dama suka ƙulla yarjejeniyar amincewa da lasisin juna.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk neman kuɗi ne, tunda kowane kwas da kuɗinsa, kowace sabuntawa da nata. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma tarihin in'ina kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa ba a barin mutum da karatun da ya fito da shi daga jami'a.

A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, wani malami a Jami'ar Ayowa, Wendell Johnson, wanda shi kansa mai in'ina ne, ya koyar da cewa iyaye ne ke haddasa ta. A ganinsa kowane yaro yakan yi tuntuɓe a magana, sai iyaye su tsorata, su dinga gyara shi, daga nan tuntuɓen ya zama ciwo. A 1939 ɗalibarsa Mary Tudor ta gwada wannan tunani a kan marayu 22 a garin Davenport, aka dinga gaya wa wasu yara masu lafiyayyen baki cewa maganarsu ta lalace. Abin ya kwanta har 2001 da jarida ta tono shi, jami'ar ta nemi gafara, a 2007 kuma jihar Ayowa ta biya diyyar dala 925,000. Ra'ayin Johnson ya yi shekaru yana mulkin azuzuwa, kuma iyaye mata da yawa sun koma gida da laifin da ba nasu ba. Yau an san gado yana da hannu babba a in'ina. A 2010 Dennis Drayna da abokan aikinsa suka gano sauye-sauyen ƙwayoyin halitta masu alaƙa da ita a wani babban dangi na Pakistan, daga baya aka samu wasu a wani dangi na Kamaru. Wanda ya gama karatu a zamanin Johnson bai sake buɗe littafi ba, to har ya yi ritaya zai ci gaba da ɗora wa uwa laifi, da zuciya ɗaya kuwa.

A ɓangaren ji, sauyin ya fi sauri. A 1978 David Kemp ya gano a Landan cewa lafiyayyen kunne yakan mayar da wata 'yar amsa idan sauti ya shige shi. Daga nan aka samu gwajin da ake yi wa jariri yana barci: a cusa ɗan roba a kunnensa, cikin ɗan lokaci na'ura ta nuna sakamako. Ƙa'idar Amurka yanzu ita ce a tantance jariri kafin wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Dashen na'urar cikin kunne, wanda aka amince da shi ga manya a 1984, ya sauko ga 'yan shekara biyu a 1990, ga 'yan wata 12 a 2000, ga 'yan wata tara a 2020. A Oktoban 2022 kuma aka halatta sayar da na'urar ƙara ji a kanti ba tare da ganin ƙwararre ba, ga manya masu matsakaiciyar matsala. Ma'aikacin da ya saba shi ne ƙofa ɗaya tilo, sai ga tsoho ya shigo masa da abin da ɗansa ya sayo, yana tambaya me ya sa yake masa fito a kunne. Sana'ar ta yi faɗi har daga 2012 ASHA ba ta ba sabon mai gwajin ji takardarta sai da digirin dokta.

To, buƙatar komawa aji ba ta da gardama. Inda nake da ja shi ne ma'aunin. Awa abu ne mai sauƙin ƙirgawa, shi ya sa hukumomi suke son ta. Wa'adin ASHA yana cika ne ranar 31 ga Disamba, kuma duk wanda ya taɓa aiki da wa'adi ya san yadda makon ƙarshe yake: a kunna lacca a kwamfuta, a tafi kicin, a dawo a amsa tambayoyin cike-gurbi, a sauke satifiket. An cika sharaɗi, babu wanda ya yi ƙarya, yaron da ke riƙe da katako kuma bai ƙaru da komai ba. Akwai ma abin da ya fi wannan muni, wato a tara awanni a kan abin da ba shi da tushe. A 2018 sai da ASHA ta fito fili ta yi watsi da wata dabara da ake riƙe hannun wanda ba ya magana a “taimaka” masa ya buga haruffa, bayan gwaje-gwaje sun nuna cewa saƙon na mai riƙe hannun ne. Shekaru aka yi ana koyar da wannan dabara a tarukan bita.

Birtaniya ta bi wata hanya. Hukumar HCPC, mai rajistar masu gyaran magana da masu saka na'urar ƙara ji, ba ta ƙayyade awa ba sam. Ana sabunta rajista duk shekara biyu, kuma a kowane zagaye sai a zaɓo kashi biyu da rabi cikin ɗari ba tare da sun sani ba, a ce su kawo bayanin abin da suka koya da yadda ya amfani waɗanda suke dubawa. Karanta mujalla yana shiga, zama da abokin aiki a tattauna wani mawuyacin mara lafiya ma yana shiga. Na fi karkata ga wannan, duk da cewa shi ma yana da ɓaraka: mai iya alƙalami zai ƙawata ɗan abin da ya yi, mafi yawa kuma za su shekara goma ba a taɓa kiran sunansu ba. Amma dai tambayar da ake yi ita ce ta gaskiya, me ya canza a ɗakin duba marasa lafiya.

A Najeriya, Hukumar Rajistar Masu Aikin Farfaɗo da Marasa Lafiya, MRTB, wadda dokar soja ta 38 ta 1988 ta kafa, ita ke da alhakin masu gwajin ji da masu gyaran magana, tare da masu gashin ƙashi da wasunsu, kuma duk shekara ake sabunta lasisin. Sai dai tamu damuwar ta sha bamban. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum miliyan 430 ne ke buƙatar taimako a kan rashin ji, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kashi 93 cikin ɗari ba su da ko mai gwajin ji ɗaya ga mutum miliyan. Mu kuma muna tsakiyar yankin sanƙarau, ga ƙyanda, ga allurai irin su jentamaisin da kan kashe ji in aka yi ganganci da su. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna tana nan tun 1999, amma ma'aikacin da shi kaɗai ne a asibitinsa, in ya tafi bita ta kwana uku, an rufe ɗakin gwaji ke nan kwana uku.

Sannan ga maganar harshe. Kwasa-kwasan da ake samu a intanet kusan duk a kan Turanci aka gina su, jerin kalmomin gwaji ma haka. Yaron da ke Fagge ko Damagaram yana fama ne da bambanta “kafa” da “ƙafa”, da “dari” da “ɗari”, da ɗaga murya da saukar da ita wanda ke raba “baba” na uba da “baba” na rini. Ma'aikaci zai iya cika awanninsa talatin tsaf a kan baƙaƙen Turanci, ranar Litinin wata uwa ta shigo da ɗanta ta ce, “Malam, har yanzu ba ya iya cewa ƙarfe,” shi kuma babu takarda ko ɗaya a teburinsa da ke cewa a shekara nawa ya kamata ɗan Bahaushe ya iya furta ƙ.