Ƙwayar Cutar Kwamfuta da Garkuwar Na'urar Gida

A ranar Juma'a, 12 ga watan Mayu na shekarar 2017, ma'aikatan asibitoci da dama a ƙasar Ingila suka tarar da wani saƙo a allon kwamfutocinsu, wanda ke cewa an kulle dukkan bayanan da ke ciki, kuma ba za a buɗe ba sai an biya fansar dala 300. Tilas aka ɗage ganin likita da ayyukan tiyata na dubban marasa lafiya. Kafin ƙura ta lafa, wannan cuta da aka laƙaba wa suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. Abin takaicin shi ne, tun cikin watan Maris na wannan shekara kamfanin Microsoft ya fitar da facin da ke toshe kafar da cutar ta bi, amma ɗimbin masu kwamfuta ba su ɗora shi ba.

Abin da ya sami manyan asibitoci yana iya samun kwamfutar da ke ɗakin kowa, wadda a cikinta ne ɗalibi ke ajiye kundin bincikensa na shekarar ƙarshe, ɗan kasuwa ke ajiye lissafin bashi, magidanci kuma ke shigar da lambobin sirri na asusunsa na banki.

Asalin sunan

Daga ilimin halittu aka aro sunan. A shekarar 1898 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Martinus Beijerinck ya nuna cewa abin da ke haddasa cutar dabbare-dabbaren ganyen taba ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ya kuma kira shi bairos. Daga baya aka gano cewa bairos ɗan guntun sinadarin gado ne kawai, lulluɓe da rigar furotin. Ba ya ci, ba ya numfashi, kuma ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya kutsa cikin rayayyar ƙwayar halitta, ya karɓe ragamar ayyukanta, ya sa ta shiga ƙera irinsa, su kuma su fita su kama wasu.

A shekarar 1983, Fred Cohen, wanda a lokacin ɗalibi ne a Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta Amurka, ya gwada wata 'yar manhaja da ke manna kwafin kanta a jikin wasu manhajoji. Malaminsa Leonard Adleman ne ya lura da kamannin da ke tsakaninta da bairos, ya ba ta sunan. Bambanci guda da ya kamata a riƙe shi ne, bairos na kwamfuta mutum ne ke zama ya rubuta shi da gangan. A 1986 ne aka sami na farko da ya yaɗu a kwamfutoci samfurin IBM, wato Brain, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta a birnin Lahor na ƙasar Pakistan. Ta faifan ajiya da ake miƙawa hannu da hannu ya tsallaka har Turai da Amurka.

Ire-iren miyagun manhajoji

Ko da yake jama'a kan kira su duka da suna ɗaya, halayensu sun sha bamban. Bairos na ainihi yana maƙalewa ne a jikin fayil, ba ya motsi sai an buɗe fayil ɗin. Akwai wadda ake kira tsutsa, wadda ke bin layin sadarwa daga wannan kwamfuta zuwa waccan ba tare da kowa ya taɓa komai ba, kamar wadda Robert Morris ya saka a intanet a watan Nuwamba na 1988. Akwai kuma kura da fatar akuya, wato manhajar da ke zuwa a siffar wasa ko wani abu mai amfani, mai kwamfuta ya ɗora ta da hannunsa.

Manhajar leƙen asiri ta fi su duka wuyar ganewa, domin ribarta na cikin ɓuya. Irin tsutsar ciki ce, wadda kan shekara tana shan jinin mutum bai sani ba. Wata tana rubuta duk harafin da aka danna, wata tana kwashe kalmomin sirri da aka adana a manhajar shiga intanet, wata ma har kyamarar na'ura takan kunna. Kwamfutar da ke ɗauke da ita tana iya ci gaba da aiki lami lafiya, sai ranar da aka ga kuɗi sun yi ɓatan dabo daga asusu.

Hanyoyin yaɗuwa

Manoman arewacin Nijeriya ba za su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da cutar rozet ta halaka gyaɗa a fili mai faɗin kusan hekta 700,000. Bairos ne ke haddasa cutar, amma ba shi da ƙafa ba shi da fiffike. Darɓa ce ke tsotso shi daga shuka mai ciwo ta kai wa mai lafiya. Aikin da darɓa ke yi a gona shi filashi ke yi tsakanin kwamfutoci. Filashin da aka kai shagon buga takardu, aka soka a na'urar da mutum ɗari suka riga suka soka nasu, sau da yawa yakan dawo gida da guzurin da ba a aike shi ba. Sananniyar alama ita ce a buɗe shi a ga fayilolin sun ɓace, an bar wasu gumaka masu ɗan kibiya a madadinsu. Danna gunkin shi ne ke sakin cutar.

Hanya ta biyu ita ce manhajojin sata da ake saukewa kyauta ko a saya da araha, domin galibi a cikinsu ake cusa ta leƙen asiri. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Ta uku ita ce wasiƙar imel mai ɗauke da fayil. A watan Mayu na 2000, wata tsutsa mai suna ILOVEYOU ta taso daga ƙasar Filifin a siffar wasiƙar soyayya, ta kama miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki, saboda duk wanda ya buɗe ta, sai ta aika kanta ga dukkan mutanen da ke kundin adireshinsa da sunansa.

Yadda manhajar tsaro ke aiki

Garkuwar jikin ɗan Adam tana gane ƙwayar cuta ne ta siffar furotin da ke bayanta. Idan ta taɓa haɗuwa da ita, ko ta hanyar ciwo ko ta allurar rigakafi, wasu fararen ƙwayoyin jini sukan adana wannan siffa, su far mata da zarar ta dawo. Haka manhajar tsaro take. Tana da kundin alamomi na miyagun manhajojin da aka riga aka sani, tana auna kowane fayil da shi, wanda ya dace ta killace shi ko ta goge.

Raunin wannan hanya a fili yake. Bairos na murar infuluwenza yana sauya rigarsa a kai a kai, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke sake duba haɗin allurarsa sau biyu a shekara. Masu rubuta cutar kwamfuta su ma tun wajen 1990 suka koyi ƙera wadda ke sauya kamanni duk lokacin da ta haihu. Saboda haka manhajar tsaron da ta yi watanni ba a sabunta kundinta ba, tamkar mai gadi ne da ke riƙe da hotunan ɓarayin bara. Don cike wannan giɓi ne manhajojin yanzu ke sa ido kan ɗabi'a: duk manhajar da ta shiga kulle fayiloli ɗaruruwa cikin minti guda, za a tsayar da ita ko da ba a taɓa ganinta ba. Wani lokaci akan kama marar laifi, kamar yadda garkuwar jiki kan juyo ta yaƙi gaɓoɓin mai ita.

Matakan kariya

Na farko, a tabbata manhajar tsaro guda ɗaya tana kunne, tana kuma sabuntuwa. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, kwamfuta na zuwa da tata mai suna Defender ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ɗora biyu masu gadi lokaci guda yakan sa su yi karo, na'ura ta yi nauyi. A kuma yi hattara da saƙon da kan faɗo daga shafin intanet yana cewa an gano cuta, a danna nan don magani. Sau da yawa shi ne cutar.

Na biyu, a bar na'ura ta riƙa karɓar faci, ko da zai ci kuɗin data. An daina yi wa Windows XP faci a 2014, Windows 7 kuma a Janairun 2020, don haka kwamfutar da ke kansu ba ta dace da harkar banki ba. Na uku, a binciki kowane filashi kafin a buɗe shi. Na huɗu, a ware wa yara da baƙi asusun da ba shi da ikon ɗora manhaja, kowane asusun intanet kuma a ba shi kalmar sirri ta daban, tare da lambar tabbaci da ake aikowa ta waya.

Na biyar, a ajiye kwafin muhimman fayiloli a wani faifai dabam, a zare shi bayan an gama, domin manhajar neman fansa takan kulle duk abin da ta samu a jone. Wannan mataki na da muhimmanci ƙwarai, saboda tun a 1984 Fred Cohen ya tabbatar ta hanyar lissafi cewa ba za a taɓa samun manhajar da za ta gane kowane irin bairos ba tare da kuskure ba. Ke nan ko an bi duk sauran matakan, wata rana wata cuta na iya kuɓucewa ta shiga. A wannan rana, mai kwafin ajiya zai goge na'urarsa ya mayar da aikinsa cikin 'yan sa'o'i, wanda ba shi da shi kuwa sai dai ya faro daga shafin farko.