Zomaye a Cikin Kwamfuta: Sabon Ɗakin Gwaje-gwajen Kimiyya

Daga shekarar 1856 zuwa 1863 Gregor Mendel ya yi ta shuka wake a lambun gidan ibadarsu da ke birnin Brno, yana haɗa auren wannan iri da wancan, yana ƙidaya 'ya'yan da suka fito. Sai da ya raini tsirrai kimanin 28,000 kafin ya gano ƙa'idojin gado waɗanda ake koyar da su yau a kowace makarantar sakandare. Malamin ilmin halittu kuwa minti arba'in ko tamanin yake da shi, da alli da allo, ga ɗalibai cike da aji. Ta yaya zai nuna masu abin da ke faruwa a cikin zuriya goma alhali ko zuriya ɗaya ba ta kammala a zangon karatu guda? Galibi sai ya rubuta ƙa'idar, ɗalibai su kwafe, su haddace, su zubar da ita a takardar jarrabawa, su manta.

Wannan matsala ce ta dami wani masanin fiziya ɗan Amurka mai suna Carl Wieman. A shekarar 2001 ya sami kyautar Nobel tare da wasu masana biyu, a shekarar 2002 kuma ya ɗauki kuɗi daga cikin kyautar ya kafa wani shiri mai suna PhET a Jami'ar Kolorado da ke Boulder. Aikin shirin shi ne ƙera gwaje-gwajen kwaikwayo, wato ƙananan manhajoji waɗanda ke kwatanta yadda wani abu na halitta yake gudana, kuma ɗalibi na iya sa hannu ya canja sharuɗɗan ya ga abin da zai biyo baya. An fara da fiziya, daga baya aka faɗaɗa zuwa kemistiri da lissafi da ilmin halittu. Yanzu sun haura 150, kyauta ake samun su, kuma yawancinsu suna aiki a kwamfuta ko a wayar hannu. Abin da ya fi muhimmanci ga makarantun da intanet ke yi wa wahala shi ne ana iya sauke gwaji sau ɗaya a ajiye, a yi ta amfani da shi ba tare da an sake hawa intanet ba.

A cikinsu akwai wanda ya kamata kowane malamin ilmin halittu ya sani, wato na zomaye. Da an buɗe shi sai a ga farin zomo guda ɗaya yana tsalle a fili mai launin ƙasa. Ɗalibi ya ƙara masa abokin zama, sai haihuwa ta fara, kowace zuriya cikin 'yan daƙiƙoƙi. In an ƙyale su babu mai cin su, abinci kuma bai yanke ba, ba a daɗewa za su cika duniyar baki ɗaya, gwajin ya tsaya. Wannan kaɗai darasi ne, domin a nan ɗalibi zai gane cewa kowace halitta tana haifar fiye da abin da muhallinta zai iya ɗauka.

Daga nan sai a jefa sauyi a ƙwayar gado, a sami zomo mai gashi ruwan ƙasa. Ɗalibi ne zai zaɓa ko wannan hali mai rinjaye ne ko kuwa mai ɓoyuwa. Sa'an nan a saki kyarketai. A filin ƙasa farin zomo ya fi fitowa sarari, saboda haka shi kyarketai suka fi kamawa, sannu a hankali masu ruwan ƙasa su yawaita. A mai da filin ya zama na ƙanƙara, reshe ya juye da mujiya. Babu zomon da ya yi niyyar canja launinsa, babu kuma wanda ya canja shi a rayuwarsa. Abin da ya canja shi ne adadin masu kowane launi a cikin garken. Wannan ita ce gaɓar da ɗalibai suka fi tuntuɓe a kanta, domin da yawa suna zaton dabba ce take sauya jikinta don buƙata. Jadawalin da ke ƙasan allon yana nuna layin fararen yana sauka, na masu ruwan ƙasa yana hawa, zuriya bayan zuriya.

Idan kuwa an sa halin ya zama mai ɓoyuwa, sai wani abin mamaki ya faru. Launin ruwan ƙasa ya ɓuya na ɗan lokaci, kowa ya ɗauka babu shi, sai ga shi ya ɓullo daga iyaye biyu farare fat. Malami mai basira ba zai bar wannan dama ta wuce ba, don kuwa ita ce ainihin hanyar gadon cutar sikila wadda kusan kowane ɗalibi a ƙasar Hausa ya san gidan da ta shiga. Uba mai AS da uwa mai AS lafiyarsu ƙalau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Haka nan labarin kyarketai shi ne labarin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da maganin kulorokwin. Maganin ya kashe masu rauni, masu juriya suka saura suka hayayyafa, har ya zama dole Nijeriya ta canja maganin farko na zazzaɓin a shekarar 2005.

To, shin kwaikwayo yana koyarwa da gaske, ko wasa ne kawai? A shekarar 2005 Noah Finkelstein da abokan aikinsa a Jami'ar Kolorado sun wallafa sakamakon wani bincike. Sun raba ɗalibai gida biyu, wasu suka koyi haɗa da'irar lantarki da batir da waya da ƙwai na gaske, wasu kuma da kwaikwayon PhET. Da aka gwada su, 'yan kwaikwayo sun fi amsa tambayoyin fahimta, har ma sun fi saurin haɗa da'ira ta gaske da aka ba su kayan aiki a hannu. Wani babban dalili shi ne kwaikwayon yana nuna abin da ido ba ya gani, wato tafiyar ilektiron a cikin waya.

Amma kada mai karatu ya ɗauka sayen na'ura shi ne magani. A shekarar 2005 aka ƙaddamar da shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfutar cinya mai araha, wanda har aka gwada shi a wata makarantar firamare da ke Galadima, Abuja, a 2007. Ƙasar Peru ta fi kowa rungumar shirin, ta sayi kwamfutoci fiye da 800,000. Da masu bincike suka auna makarantun karkara 319 bayan wata 15, rahoton da suka fitar a 2012 ya nuna babu wani ci gaba a sakamakon lissafi ko na harshe. An raba na'urori, amma yadda ake koyarwa bai canja ba. Haka zomayen nan: in aka sakar wa ɗalibi su ba tambaya, zai yi ta danne-danne yana dariya har a kaɗa ƙararrawa. Hanyar da ta fi amfani ita ce malami ya tsayar da gwajin kafin a saki kyarketai, ya ce kowa ya rubuta abin da yake hasashen zai faru da dalilinsa, a yi musu, sa'an nan a ci gaba. Don wannan, kwamfuta ɗaya da majigi sun isa aji, in babu majigi a raba ɗalibai rukuni-rukuni su zo bi da bi. Cajin batir tun dare kuwa, ba sai an tunatar da kowane malami ba.

Akwai kuma abin da kwaikwayo ba zai taɓa yi ba. Zomon kwamfuta ba ya ciwo, ba ya ƙaura, halaye uku kawai yake da su: gashi da kunne da haƙora. Mai manhajar ne ya zaɓi abin da zai sa da wanda zai bari, kuma ya kamata a gaya wa ɗalibai haka ƙarara, a ma tambaye su abin da aka bari. Ban da wannan, a jarrabawar WAEC ta aikin hannu ana ajiye wa ɗalibi samfurin gaske ne, ganye ko ƙwaro ko ƙashi, a ce ya duba ya zana ya sa suna. Wanda bai taɓa yanka albasa ya ɗora fatarta a ƙarƙashin madubin likita ba, hoton allo ba zai koya wa hannunsa ba.

A nan wayar hannu tana da wani aiki dabam. A makarantar da madubin likita ɗaya ne tak, malami na iya saita kyamarar waya a bakin madubin ya ɗauki hoton ƙwayoyin albasar, kowa ya gani, sa'an nan su bi layi su nemo su da idonsu, sun riga sun san abin da suke nema. Manhajar iNaturalist, wadda ta faro a 2008 a matsayin aikin ɗaliban digiri na biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tana karɓar hoton tsiro ko ƙwaro ta ba da hasashen sunansa, masana daga ƙasashe dabam-dabam kuma su tabbatar ko su gyara. Ajin da ya zagaya harabar makaranta ya ɗauki hoton darbejiya da tumfafiya da aduwa da magarya, ya rubuta sunayensu na Hausa a gefen na kimiyya, ya ƙara wa rumbun bayanan duniya labarin yankin da ba a faye samun masu aika hotuna daga cikinsa ba. Ita dai wannan manhajar tana buƙatar intanet lokacin aikawa, saboda haka sai a tara hotunan a aika su gaba ɗaya ranar da aka samu.