Tankin Mota Ma Yana da Hanci

A cikin bazarar da ta wuce muka tashi daga Birnin Kudu za mu Gwaram rangadin makarantu, a cikin wata tsohuwar Peugeot 504 ta wani abokin aikinmu. Motar nan ta girmi direbanta. Tana cikin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a ma'aikatar Kaduna da aka buɗe cikin 1975, mai ita kuwa yana ji da ita ƙwarai. Makonni kaɗan kafin tafiyar ya sa aka sauke injinta na asali, aka ɗora mata wani na hannu daga Japan, irin wanda ba ya aiki da kafireta sai injekta. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Kayan gyaran tsohon inji sun yi wuya, fetur kuma tun da aka janye tallafi cikin Mayu 2023 ya zama abin da a ke sha da lissafi.

Ba mu ci rabin hanya ba sai mota ta fara shessheka, ta ja, ta saki, ta mutu. Direba ya taɓa fulogi, ya taɓa waya, bai ga kome ba. Muna tsaye cikin rana sai ga wani dattijo bisa keke, ya ce ya daɗe yana yaron mota a hanyar Kano. Ko inji bai duba ba. Ya zaga baya ya murɗe murfin tanki, sai muka ji iska ta faɗa ciki, fuu! Ya ce wa direba, "Ɗana, tayar." Nan take ta tashi. Ya juyo ya ce, "Ranku ya daɗe, injinku lafiya lau. An toshe wa tanki hanci ne."

To, malaman makaranta, ga darasi ya zo muku har gida. Ku sami gwangwanin madara ku huda shi wuri ɗaya, ku karkata a gaban yara. Madara za ta ɗiga ta tsaya. Ku ƙara huji na biyu, sai ta zubo sarai. Haka tanki ya ke. Duk litar man da famfo ya ja, tilas litar iska ta shiga ta maye gurbinta. In ba ta sami ƙofa ba, famfo zai yi ta kokawa har ya gaza, inji ya mutu da ƙishirwa alhali tanki na cike.

Abin bai tsaya nan ba. Iskar da ta kewaye mu tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin wajen kilo 1. Ba mu jin haka domin ciki da waje daidai su ke. Amma a ce gefen tanki santimita 50 ne tsawo da faɗi, ƙarfin iskar ciki kuma ya ragu da kashi ɗaya cikin goma kawai, to, nauyin kilo 250 ke nan ya hau kan farantin ƙarfen nan, watau buhu biyu da rabi na masara. Shi ya sa a kan kwance tanki a tarar ya lotsa kamar an taka shi, a yi ta zargin dutsen hanya.

Me ya sa sai bayan sauya inji a ke gamuwa da wannan? A tsofaffin motoci iska na shiga ta wani ɗan rami a jikin murfi, ko ta wani siririn bututu a saman tanki. Injin injekta kuwa famfonsa na lantarki ne, yana tura mai da ƙarfin da ya kai wajen ninki goma na famfon kafireta, kuma da yawa cikin irinsu suna da bututu na biyu mai mayar da rarar mai cikin tanki. Da makanikin abokinmu ya nemi inda zai jona wannan bututu, sai ya ga ɗan bututun iska a sake, ya liƙa masa shi. Mai mota kuma, don gyara ya cika, ya sayi sabon murfi na motocin zamani, wanda ke rufewa ruf. Kowannensu da kyakkyawar niyya, amma tsakaninsu sun shaƙe tanki.

Motocin zamani suna iya rufe murfi haka domin an yi musu wata hanya dabam. Tun 1970 a jihar Kalifoniya, da 1971 a sauran Amurka, doka ta hana barin tururin fetur ya fita sarari. Sai aka sa wani gwangwani cike da gawayi, shi ke kama tururin, inji ya zuƙe shi ya ƙone. Mai sayen inji a kasuwa inji kaɗai a ke ba shi. Gwangwanin yana can jikin motar da aka yanka.

Har wa yau tanki yana bukatar fitar da numfashi, a ƙasarmu ma wannan ya fi haɗari. Fetur yana kumbura da zafi. Lita 50 in zafinta ya ƙaru da digiri 20 takan ƙaru da kusan lita 1, ga tururin da ke tashi, ga man da ke dawowa da ɗumi daga inji. A ajiye irin wannan mota a rana a kasuwar Sara cikin Afrilu, a zo a buɗe murfi, mai na iya feso wa mutum a fuska. Tururin nan ya fi iska nauyi, ƙasa ya ke bi yana taruwa, kuma in ya kai kashi 2 cikin 100 na iska, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Saboda haka ba mu yarda da dabarun da a kan yi ba ko kusa: a cusa tsumma a bakin tanki, ko a ɗaure shi da leda, ko a bar tiyon iska ya ƙare cikin but, inda wayoyin fitilun baya su ke, yara kuma na zaune a kujerar baya suna shaƙa.

Gyaran gaskiya ba shi da tsada. A ba bututun rarar mai nasa baki dabam. Tiyon iska ya tashi daga ƙololuwar tanki, ya hau sama har ya ɗara bakin zuba mai, sa'an nan ya lanƙwaso ya fita ƙarƙashin mota, nesa da salansa. A sa masa ɗan bawul mai rufewa in mota ta kife, don kada mai ya tsiyaye. Tiyon kuma ya zama na fetur, domin na ruwa narkewa ya ke yi. Wanda ya sami gwangwanin gawayi ya haɗa shi da inji, ya fi kowa dacewa.

Da muka komo Birnin Kudu haka aka yi wa motar cikin yini guda. Sai wani tsohon makaniki da ke kallo ya ce a ɗaura ɗan raga a bakin tiyon. Muka ce saboda ƙurar hunturu? Ya ce da ita, amma ya fi tsoron zanzaro, domin in mota ta yi kwana goma a ajiye, ba ya ganin rami irin wannan ya ƙyale shi bai yaɓe da laka ba.