Yadda Rediyo Ke Tsamo Tasha Ɗaya Cikin Ɗaruruwa

Wutar lantarkin da ke isa Azare da Bulkachuwa, kamar ta ko'ina a Najeriya, ba miƙewa take yi ɗoɗar irin ta batir ba. Kai-komo take yi, sau 50 a kowace daƙiƙa. Saboda haka turjiyar da take gamuwa da ita ta wuce ta waya kawai. Naɗin waya, wanda masu gyara ke kira koyil, yana ƙara turjewa gwargwadon saurin kai-komon, ita kuwa kwandansa raguwa turjiyarta ke yi. Haɗakar waɗannan uku ita ce imfidans, sunan da masanin Ingila Oliver Heaviside ya raɗa mata a 1886, kuma da om ake auna ta. Ba a tara su kai tsaye: waya mai om 30 da koyil mai om 40 suna ba da om 50 ne, ba 70 ba, domin ba lokaci guda suke turjewa ba.

Fankar sama shaida ce. Idan 'yar kwandansarta ta mutu, sai ta tsaya tana gurnani har sai an tura fiffikenta da sanda, don babu abin da zai saɓa lokacin wutar a naɗinta na biyu.

Da yake koyil da kwandansa kishiyoyi ne, akwai wani sauri guda da turjiyarsu ke zuwa daidai, su soke juna. Wannan shi ne rezonans. Idan a jere aka haɗa su, turjiyar waya kaɗai ke saura, wuta ta kwarara. Lamarin kamar lilo ne, wanda ɗan turi kaɗan ke ɗagawa sama muddin a kan kari aka yi shi.

A nan rediyo ya dogara. Eriya tana kwaso tashoshi barkatai a lokaci guda, amma mai murɗa tsohon akwatin rediyo, ko bai sani ba, faranta yake zurawa cikin juna a kwandansa. Koyil mai maikrohenri 240 da kwandansa mai fikofarad 300 sukan amsa a wajen kilohaz 594, zangon da aka san Rediyon Kaduna da shi. In aka zare farantan kaɗan, sai wata tasha ta shigo. Oliver Lodge ya nemi rajistar wannan dabara a 1897, Markoni ya nemi tasa a 1900.

Ingancin akwati kuwa a ƙarancin turjiyar wayarsa yake. Inda ta yi yawa, kunnen rediyon sai ya faɗaɗa, a riƙa jin muryoyi biyu suna hawan juna, musamman da dare a gajeren zango. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan tasha, alhali matsalar a cikin akwatin take.