Bayani a kan ƙanƙarar dutse, don kada a sayi tsakuwa da kuɗin daimon

Mu dai sana'armu hatsi ce, amma abin da ya taɓa aljihun ɗan'uwa ya shafe mu. Ana zagayowa rumfuna da wani dutse garai-garai a ƙullin tsumma, a raɗa wa mutum wai daimon ne. Wani maƙwabcinmu ya ba da kuɗin buhun gero uku, ashe ƙanƙarar dutse ce, wadda Turawa ke kira kwaz.

Ku sani, ya jama'a, dutsen nan ba shi da wuyar samu. Ruwan zafi ne na ƙarƙashin ƙasa yake bin tsagar duwatsu ɗauke da sinadarinsa, in ya huce sai ya daskare kamar farar jijiya. Yawancin yashin rafi ɓarɓashinsa ne.

To ga alamominsa. Na ɗaya, in ya fito da siffarsa, gefe shida gare shi da tsini a kai. Na biyu, yana karce gilashi, wuƙa kuwa ba ta karce shi. A nan ake cutar mutane: a karce kwalba a gabanka, a ce ka ga shaida. Wannan ba shaida ba ce. A ma'aunin tauri da Bajamushe Mohs ya tsara a 1812, shi 7 ne, daimon 10, duka biyun suna karce kwalba. Na uku, in ya fashe bakinsa kamar na fasasshiyar kwalba yake. Na huɗu, daimon mai girmansa ya fi shi nauyi.

Ba mu ce ba shi da amfani ba. Da yashinsa ake yin gilashi. Ɗan ƙanƙanensa ne ke daidaita lokaci a agogon batir, tun da kamfanin Seiko ya fitar da irinsa na hannu a 1969. A Anka da Birnin Gwari, cikin jijiyarsa ake neman zinariya. Sai dai kada a niƙa dutsen haƙa a gida: ƙurar tana lalata huhu, kuma a 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara ta wannan hanya.

Wanda aka kawo wa dutse, kada ya ƙirga kuɗi sai masani ya auna. Allah ya tsare mana jarinmu, amin. Haza wassalam.